Raina mutane da leƙen asirinsu, ayoyi uku a jere

Assalamu alaikum warahmatullah ƴan uwa.

Dan Allah duk wanda ya samu sarari yau ya buɗe Suratul Hujurat ya karanta aya ta 11 da ta 12 da ta 13 a jere, da fassara, kar ya tsallake ko ɗaya. A ta 11 Allah Ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, Ya ce ta yiwu waɗanda ake yi wa dariyar sun fi masu dariyar alheri, Ya kuma hana jifan juna da munanan laƙabi. A ta 12 Ya ce ku nisanci zato da yawa domin wani zaton zunubi ne, kuma kada ku yi leƙen asiri, kada wani ya yi gulmar wani. Sai ta 13 da kusan kowa ya haddace, inda Ya ce ya ku mutane Mun halicce ku daga namiji da mace, Muka sanya ku al'ummomi da ƙabilu domin ku san juna, wanda ya fi daraja a wurin Allah shine wanda ya fi taƙawa.

Abin da ya daɗe yana tsaya min a rai shine yadda ayoyin nan suka zo manne da juna. Hana leƙen asiri yana tsakiya, hana raini a gabansa, maganar ƙabila da asali a bayansa. Kuma wallahi in ka duba tarihin zalunci a duniya zaka ga tafiyarsu ɗaya, sai an fara raina mutum sannan a fara zarginsa, in aka zarge shi sai a sa masa ido.

A Afirka ta Kudu a 1950 gwamnatin wariya ta yi doka cewa kowane mutum sai an rubuta shi a rajista da launinsa, fari ne ko baƙi ko ruwa biyu, kuma wannan rubutun shi zai yanke inda zaka zauna da makarantar da ɗanka zai shiga da wadda zaka iya aura. Baƙar fata bai isa ya shiga unguwar farare ba sai da littafin fas a aljihunsa, ɗan sanda zai iya tare shi ko ina ya ce fito da shi, in babu sai kurkuku. Ranar 21 ga Maris 1960 mutane suka taru a Sharpeville don nuna ƙin wannan littafin, ƴan sanda suka buɗe wuta, mutum 69 suka mutu, da yawa a baya harsashin ya same su saboda gudu suke. A Ruwanda kuma katin shaida ne yake ɗauke da ƙabilar mutum, da kisan kiyashi ya tashi a 1994 katin nan ake dubawa a shingen hanya, a karanta kalma ɗaya a yanke wa mutum hukuncin rayuwa ko mutuwa, cikin kwana kusan 100 aka hallaka mutane wajen 800,000. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kar wani ya ce ai wannan da ne. A 2011 aka bankaɗo cewa ƴan sandan birnin New York na Amurka sun shafe shekaru suna tura ƴan leƙen asiri masallatai da wuraren da Musulmi ke taruwa da ƙungiyoyin ɗalibai, suna rubuta wa ya zo, me aka ce a huɗuba, alhali mutanen nan babu laifin da aka same su da shi sai addininsu da asalinsu, daga baya wani babban jami'insu ya amsa cewa sashen da ke wannan aikin bai taɓa samo ko bakin zaren ta'addanci ɗaya ba, a 2014 aka rufe shi. A yankin Xinjiang na ƙasar Sin ƴan uwanmu Uyghur suna rayuwa ƙarƙashin kyamarori da shingayen bincike da duba wayoyi, kuma an tsare jama'a masu ɗimbin yawa a sansanoni. Su waɗannan ba labari suke ji ba, a jikinsu abin yake.

Yanzu har na'ura ta koyi halin. Wata mai bincike a jami'ar MIT mai suna Joy Buolamwini ta gwada manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni a 2018, ta samu cewa in fuskar namiji farar fata ce kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma in mace ce baƙar fata kuskuren na iya kaiwa kusan kashi 35 cikin 100, saboda hotunan da aka horar da na'urorin da su yawancinsu na farare ne. A Janairun 2020 ƴan sandan birnin Detroit na Amurka suka kama wani bawan Allah baƙar fata a ƙofar gidansa gaban matarsa da ƴaƴansa ƙanana, aka tsare shi sama da kwana ɗaya kan satar da bai san da ita ba, don kawai kwamfuta ta ce fuskarsa ta yi kama da ta ɓarawon. Na'ura dai bata da zuciya balle ta tsani wani, abin da mutane suka zuba mata shi take maimaitawa, kuma waɗanda suka je suka sa masa ankwa ba tare da sun bincika ba mutane ne, za a tambaye su.

Amma in yi adalci, kyamara ita kanta ba ita ce sharrin ba. Ranar 25 ga Mayu 2020 da ɗan sanda ya danne wuyan wani baƙar fata mai suna George Floyd da gwiwa sama da minti 9 a birnin Minneapolis na Amurka har ya mutu, sanarwar farko da ƴan sanda suka fitar cewa ta yi mutumin ya samu matsalar rashin lafiya ne. Wata yarinya ƴar shekara 17 da ke tsaye a wurin ita ta ɗauka da wayarta, bidiyon nan ne yasa duniya ta ga gaskiya, har aka yanke wa ɗan sandan shekara 22 da rabi. Wannan shaida ce, kuma Alƙur'ani ya hana ɓoye shaida. Zalunci ne ake yi a bainar jama'a ta ɗauka. Leƙen asirin da aka hana shine ka bi abin da mutum ya rufe tsakaninsa da Ubangijinsa ka tona, kuma mu san bambancin nan don kar wani ya fake da "ina tona gaskiya" yana yawo da mutuncin mutane.

To yanzu mu dawo kanmu, domin laifi tudu ne.

Mun ji haushi a 2013 da Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ke tattara bayanan kiran waya da saƙonnin intanet na miliyoyin mutane, mun ji haushi a 2018 da aka gano kamfanin Cambridge Analytica ya kwashi bayanan mutane har miliyan 87 a Facebook don harkar siyasa, kuma haushin nan daidai ne, cin amana ne. Amma ɗan uwa kai nawa ne hoton hirar mutane a wayarka wanda masu shi basu san ka ɗauka ba? Mutum ya yarda da kai ya faɗa maka damuwarsa cikin dare, gari na wayewa ka ɗauki sikirinshot ka tura wa wani, wanin ya tura guruf, kafin azahar mutanen da basu taɓa ganinsa ba suna masa dariya. Wani yana naɗar muryar abokinsa a waya ya ajiye don ranar faɗa. Miji na jiran matarsa ta yi barci ya ɗauki wayarta, mata na haddace lambobin sirrin mijinta, kowa ya zama ɗan sandan ciki a gidansa, kuma babu wanda ya taɓa samun kwanciyar hankali ta wannan hanyar, ko bai ga komai ba zai ce an goge ne. Wani zaton zunubi ne, kamar yadda ayar ta ce. Manzon Allah (SAW) ya ce a hadisin Bukhari duk wanda ya saurari maganar mutane alhali basa son ya ji, za a zuba masa narkakkiyar dalma a kunne ranar ƙiyama. Kuma a Abu Dawud ya gaya wa Mu'awiya cewa in ka bibiyi aibobin mutane zaka lalata su ko ka kusa lalata su. Wannan nasiha ce ga shugaba, kuma ta shafi uba da miji da mai gida a wurin aiki.

Haka ma wariyar. Muna da saurin cewa Turawa ne, amma a 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon baƙin haure baƙaƙen fata a Libiya, ƙasar da ake kiran sallah sau biyar. Kuma a nan intanet ɗin da muke ciki kullum sai kaga an sa hoton wani ana tsokanar baƙinsa, ana yabon mace da cewa ai fara ce kamar shine kyawun duka, har ƴan mata suna ƙona fatarsu da man bilicin saboda maganganun da suke ji tun suna yara. Allah Ya ce a Suratur Rum aya ta 22 bambancin harsunanku da launukanku yana cikin ayoyinSa. Ayar Allah kake wa dariya fa. Abu Zarr sahabi ne babba, ya gori wani mutum da mahaifiyarsa, Annabi (SAW) bai ƙyale shi ba don girmansa, ya ce masa kai mutum ne da akwai sauran jahiliyya a tare da kai. In Abu Zarr ya samu wannan tsawa ina ga ni da kai. Kuma wanda ya fara cewa "ni na fi shi" saboda asali Iblis ne, wai shi daga wuta, Adamu daga laka, ibadarsa ta baya bata hana a kore shi ba.

Ku tuna Bilal (RA), bawa ne ɗan asalin Habasha, ana kwantar da shi a rana a ɗora masa dutse a ƙirji yana cewa Ahad Ahad, Abubakar ya saye shi ya ƴanta shi. Umar da kansa yake cewa Abubakar shugabanmu ne kuma ya ƴanta shugabanmu. Baƙuraishe ne ke kiran tsohon bawa shugabansa, a zamanin da Larabawa ke alfahari da nasaba fiye da komai.

Maganar ƴanci kuwa, gaskiya bamu cika lissafa shi cikin ni'imomi ba sai ranar da ya kuɓuce. Annabi (SAW) ya ce wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, da abincin yininsa, kamar an haɗa masa duniya ne gaba ɗaya. Aminci ya fara ambata. In ka tashi da asuba ka tafi masallaci babu wanda ya rubuta sunanka a littafi, ka sa wa ɗanka sunan da kake so, ka karanta Alƙur'ani a wayarka ba tare da tsoron wani zai ƙwace ta ya bincika ba, to kana cikin abin da wasu Musulmi a yau suke kuka suna roƙon Allah Ya basu. Nelson Mandela shekara 27 ya yi a tsare kafin ya fito a 1990, yawancin shekarun a tsibirin Robben, mahaifiyarsa da babban ɗansa suka rasu yana ciki, ba a bar shi ya je jana'izarsu ba. Mu kuma muna yini ba mu ce Alhamdulillah ko sau ɗaya a kan cewa ƙofar ɗakinmu daga ciki ake kulle ta ba.

Sai dai kar a fahimce ni ba daidai ba, godiya bata nufin a yi shiru a kan zalunci, ko a ce wa wanda ake dannewa ya yi haƙuri ai wasu sun fi shi wahala. Wannan maganar masu danniya suka fi son ji. Allah Ya ce a Suratu Ibrahim aya ta 7 in kun gode zan ƙara muku, kuma ayar da ke gabanta Annabi Musa ne yake tuna wa mutanensa yadda Allah Ya tsamo su daga bautar Fir'auna mai yanka ƴaƴansu maza. Kenan godiyar da ake magana a wurin godiyar ƴanci ce. Wanda aka ba bakin magana godiyarsa ya yi magana don wanda aka rufe wa baki, kuma kar ya zama ƙaramin Fir'auna a kan mai aikin gidansa ko yaron shagonsa ko matarsa.

Akwai kuma abin da ya fi bani tsoro. Mutum zai shiga wuri ya hango kyamara a saman bango nan take ya gyara tsayuwa ya cire hannu daga abin da ba nasa ba, zai goge tarihin abin da ya kalla a waya don kar wani ya gani, amma mala'iku biyu da ke tare da shi tun da ya balaga ko a jikinsa. Suna ɓoyewa daga mutane basa ɓoyewa daga Allah alhali Yana tare da su, haka ayar Suratun Nisa'i ta 108 ta ce. Babu kalmar da zaka furta face akwai mai tsaro a shirye, kuma abin da yatsa ya rubuta shima magana ce.

Amma dubi rahamar Ubangiji. Kamfani yana tara bayananka ya sayar wa masu talla, azzalumar hukuma tana tarawa don ranar da zata buƙaci murƙushe ka, abokin da ya ajiye hirarku yana jiran ku ɓata. Allah kuwa Ya ga wanda ya fi wannan duka, Ya ga abin da ko mahaifiyarka bata sani ba, kuma Ya rufa maka asiri har yau mutane suna gaishe ka da mutunci. A hadisin Ibn Umar da ke Bukhari da Muslim, ranar ƙiyama Allah zai kusanto da mumini Ya suturta shi daga idon halittu, Ya tuna masa zunubansa ɗaya bayan ɗaya har ya ɗauka ya halaka, sai Ya ce Na rufa maka su a duniya, yau kuma Na gafarta maka su.

Dan Allah kafin ka kwanta yau shiga cikin hotunan wayarka da muryoyin da ka ajiye, duk wani sirrin mutum da kake riƙe da shi wanda ba haƙƙin wani ne ya rataya a kai ba ka goge shi, har wanda ke cikin kwandon shara na wayar da wanda ya hau Google ko iCloud. In ka riga ka tura wa wasu ka bi su ka roƙe su suma su goge, sannan ka nemi yafiyar mai shi in hakan ba zai ƙara tada fitina ba, in zai tayar ka yawaita yi masa addu'a da ambatonsa da alheri a wuraren da ka ɓata shi.