Su wa ya kamata mu kira masu shan jini?

Duk sanda mota ta kife a hanyar Gombe zuwa Bauchi, wajejen Alkaleri ɗin nan, kafin a gama kwasar mutane zuwa asibiti za ka ji wani a tasha na cewa ai 'yan shan jini ne, ba ka ga zaɓe ya matso ba. Ba mai maganar tayar da ta suɗe, ko direban da ya kwana biyu bai runtsa ba, ko lodin mutum takwas a motar mutum biyar. Wallahi abin na ci min rai, kalma mai nauyi haka muke jefawa inda ba mu ga kowa ba.

Mu dubi masu shan jinin na ainihi mana. Sauro macen ce kaɗai ke cizo, don ƙwanta take neman jinin, namijin ruwan fure ya ishe shi. Kuma abin da take ɗiba bai kai ɗigo ba, abin da take bari a jiki shi ke kisa, ƙwayar maleriya, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa kimanin kashi 1 cikin 4 na masu kamuwa da ita a duniya 'yan Najeriya ne. Ƙudan tsando ma haka, Bafulatani ba jinin saniyarsa yake kuka ba, sammore yake tsoro.

Wanda ya fi tsaya min a rai matsattsaku ne. Duk wanda ya taɓa shiga fadamar shinkafa a Dadin Kowa ya san shi, yana manne maka a ƙwauri ba ka ji komai ba, yawunsa na hana jini daskarewa, sai ka fito ka ga jini na bin ƙafarka ko bayan ya saki.

To wannan ita ce siffar mutumin da nake ganin sunan ya dace da shi. Damina ta faɗi, manomi ba kuɗin taki, sai mai hali ya zo da fara'a da "haba ɗan'uwa ai mun zama ɗaya", ya ba shi kuɗi da sharaɗin da kaka buhu zai karɓa, a farashin da shi ya yanka tun watan Yuni. Ranar ba zafi, har godiya ake yi. Da kaka ya kwashe ya kulle a sito, watan Agusta manomin nan shi zai dawo sayen masararsa da mudu, badi ya sake cin bashi, wata shekarar gonar ce ke tafiya.

Na san za a ce kasuwanci ne, shi ma dukiyarsa ya saka, fari ko ambaliya na iya cinye ta. Gaskiya ne, kuma ban haɗa duk 'yan kasuwar Tudun Hatsi na yi musu kuɗin goro ba, da yawansu su ke rufa wa manoma asiri. Amma wanda ke jiran sai ka matsu sannan ya yanka maka farashi, ba amfanin gonarka yake ciniki ba, matsuwarka yake saye.

Shi ana shimfiɗa masa darduma a sahun gaba, ranka ya daɗe, Alhaji an iso. Tsohuwar ƙarshen layi da ba ta da ɗa ba ta da jika kuwa, yaro na sanƙarewa da zazzaɓi ita za a nuna da yatsa a ce mayya, alhali kwatar ƙofar gidan cike take da tsutsar sauro tun farkon damina.