Ba gidan nama ne ya cuce ka ba, odarka ce

Tun jiya ake ta turo mini bidiyon bawan Allahn nan da yake kaɗa rasit a gaban kyamara, wai an yi masa fashi da rana tsaka a gidan gashin nama a nan Amurka. Wasu har da tambayata, "Kai da kake can, haka ake yi muku?" To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta: babu wanda ya cuce shi. Odarsa ce ta cuce shi. Ku tsayar da bidiyon daidai inda ya matso da takardar, ku karanta da idonku. Filet, wato yankan naman saniya mai laushi da tsada, kuma a gasa shi har ya bushe. Soyayyar albasa kafin abinci ya iso. Kowa da lemonsa, irin na gayu da ake maƙala wa yankan lemon tsami a baki. Kek a ƙarshe. Sannan mutum ya fito yana salati. Malam, salatin me kake yi?

Waɗannan gidaje fa, su Texas Roadhouse da Outback da LongHorn, ba wurin attajirai ba ne. Nan direban babbar mota yake kai iyalinsa ranar da aka yi albashi. Ko sunayen ma ado ne kawai. Texas Roadhouse a jihar Indiyana aka buɗe shi a 1993, hedikwatarsa kuma tana Kentaki. Outback da yake ta nuna maka shi ɗan Ostareliya ne, a Tampa ta jihar Fulorida aka haife shi a 1988. Saboda haka idan ka shiga ka fito aljihu wayam, kada ka zargi bango da fitilu. Ba ka iya oda ba ne.

Yankan naman da za ka ce a kawo maka shi ne wanda suke kira sirloin. Na faɗa a bara, na faɗa ranar walimar da aka yi mini dariya, yau ma ina maimaitawa: sirloin. Tsoka ce sosai, kitsenta kaɗan, tana da ɗanɗanon nama na gaskiya, kuma ita ce mafi araha a jerin. Ana kawo ta da abin haɗi guda biyu a yawancin wuraren, kuɗinsu na ciki. Filet ɗin da mutuminmu ya zaɓa, nauyi ɗaya da ita, kuɗinsa ya kusa ninka nata. Me ake saya da wannan ƙarin? Laushi. Laushi kaɗai, domin nama ne daga gefen ƙashin baya da saniya ba ta aiki da shi, kuma ɗan kaɗan ne a jikinta, shi ya sa yake tsada. To ka biya kuɗin laushi, sannan ka ce wa mai gashi ya bar shi a wuta har sai ya zama kamar tafin takalmi. Ka sayi abu, ka ba da umarni a lalata shi, ka dawo kana cewa an zalunce ka. Kai jama'a!

Na san abin da za a rubuto mini a ƙasa. "Mu ba ma cin ɗanyen nama." "Jini ne ke fita." Ba jini ba ne. An tsiyaye jinin tun a mahauta. Jan ruwan da kake gani a faranti ruwan tsoka ne haɗe da wani sinadari da ke ba nama launinsa. Ni ma ban ce ka ci wanda cikinsa yake da sanyi ba. Ka ce a yi maka gashi matsakaici, ko ya ɗan wuce haka kaɗan idan zuciyarka ba ta kwanta ba. Hukumar noma ta Amurka da kanta ta ce yankan nama irin wannan ya nuna idan zafin cikinsa ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyos, aka bar shi ya huta minti uku. Ko kana ganin ka fi su tsoron ciwon ciki ne?

Ga kuma abin da ba a gaya wa baƙo. Nauyin da aka rubuta a takardar abinci na ɗanyen nama ne, kafin ya hau wuta. Oza 6 kusan giram 170 ke nan, oza 8 kuma giram 227. Da ya gasu, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi a ruwa da kitse, kuma iya daɗewarsa a wuta iya ƙanƙancewarsa. Shi ya sa abin da aka ajiye wa mutumin nan ya koma ɗan mitsitsi a tsakiyar faranti, yana nuna shi da cokali mai yatsu yana cewa "ku duba, ku duba". Mun duba. Kai ka ƙona kuɗinka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu fa mun san nama. Ka tsaya gaban mai balangu ka ga yadda Bahaushe yake zaɓe: a yanko nan, ban da can, a sa tozo kaɗan, kada a cika kitse, ɗanɗana mini tukuna. Babu mai yi masa wayo. Amma da an miƙo masa takarda mai hotuna da Turanci, sai ya nemi wanda ya fi tsada ya ɗora yatsa, don kada ma'aikaciya ta raina shi. Yarinyar nan tana da tebur biyar da take yi wa hidima, wallahi ko fuskarka ba za ta tuna ba.

Idan kana son kitse, kuma ranar aljihu da nauyi, ɗauki ribeye, ban hana ka ba. Kitsen a cikin tsokar yake, saboda haka ko an ɗan wuce da shi a wuta ba ya bushewa da sauri. Ga masu cewa su dole sai naman ya gasu tilis, wannan ne nasu, ba filet ba. Amma ni dai sirloin. Idan ku biyu ne, ku ɗauki babba guda ku raba, ku ƙara abin haɗi ɗaya. Kuɗin babban yanka bai kai na ƙanana biyu ba.

Su kuma masu gidan ba a naman suke samun babbar riba ba, musamman yanzu da shanu suka yi tsada. A farkon 2025 shanun Amurka ba su kai miliyan 87 ba, rabon da su yi ƙaranci haka tun 1951, bayan shekarun fari da suka sa makiyaya suka yi ta sayar da garkensu. Ribar tana cikin lemo da soye-soyen buɗe baki da kayan zaƙi. Shi ya sa tun kafin ka gyara zama ake tambayarka me za ka sha. Ka ce ruwa. Kyauta ne, da ƙanƙara, ana ƙara maka har ka gaji. Burodi ma kyauta ne. A Texas Roadhouse da zafinsa ake kawowa da man shanu mai kirfa, a Outback wani baƙi-baƙi ne mai ɗan zaƙi. To wanda aka ba burodi kyauta, me ya kai shi sayen albasa guda ɗaya da kuɗin da ya kusa na farantin abinci? Albasa fa! Kuma ka je da wuri. Da yawansu suna da rangwamen rana ko na farkon yamma, kafin cunkoso, nama ɗaya, wuta ɗaya.

Masu buga lissafin dala zuwa naira a ƙarƙashin bidiyon, wai da kuɗin nan an sayi rago, na gan ku. Sannunku da aiki. Ba da naira ake biyan haya a nan ba.

Yanzu magana ta tsakani da Allah, ba wasa. Batun yanka, kowa ya tambayi malaminsa, ni ba zan yi fatawa a Facebook ba. Akwai masu ci, akwai masu tsayawa a kifi, kuma gasasshen kifin salmon ɗinsu ba laifi. Waɗanda suke Dubai ko Saudiyya, inda wasu daga cikin gidajen nan suke da rassa, su wannan bai dame su ba. Amma a nan, ko wane ra'ayi ka bi, ka buɗe baki ka yi tambaya a kan abin haɗi. Koren wake a wasu wuraren da naman alade ake dafa shi. Dankalin da ake cika wa cuku, ana barbaɗa masa gutsattsarin alade a kai. Haƙarƙarin da ka gani a hoto yana sheƙi, yawanci na alade ne. Ka ɗauki gasasshen dankali ba komai a kai sai man shanu, ko shinkafa, ko dankalin Hausa, ka tambaya kuma kafin a kawo. Wannan ya fi rasit ɗinka muhimmanci, amma ban ji wanda ya ɗaga shi a duk surutun da ake yi ba.

Sannan a bidiyon na ji yana alfahari wai bai bar wa ma'aikaciya ko sisi ba, don ya huce. A nan ne raina ya ɓaci da gaske. Mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yanka wa masu karɓar tukuici dala 2.13 ne a awa, tun 1991 bai motsa ba, kuma jihohi irin su Texas har yau a kansa suke. Tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abinci da ake bari shi ne abincinta. Ita ta zaɓa maka filet? Ka lissafa tukuici da haraji tun daga gida, idan ba za su shiga ba ka dafa taliya.

Af, tunda ana maganar nama: duk wanda zai taso daga Kano a watan nan, don Allah ya taho mini da yajin ƙuli, na gaske, wanda aka daka da citta da kanumfari. Nawa ya ƙare, har na fara karkaɗe gwangwani. Amma kada wanda ya saka kilishi a jaka da sunana. Jami'an kwastan ba sa barin nama ya shigo, karnukansu kuma ba sa kuskure, idan ka ɓoye aka gano tara ce. A fom ɗin ma ka rubuta cewa kana ɗauke da kayan yaji. Wanda zai zo ya yi mini magana ta akwatin saƙo, zan biya kuɗin kaya.