Kun Rufe Gidan Mari, To Ina Za Mu Kai 'Ya'yanmu?

A ƙarshen watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutane sama da 300, manya da ƙananan yara, wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk tabon bulala. Har da waɗanda aka kawo daga Burkina Faso da Mali da Ghana. Kafin a cika wata biyu an fasa irinsa a Daura, da cikin garin Katsina, da Zariya, da Ilori, da Ibadan. Gwamnatin Kano ta ba da umarnin a rufe gidajen mari na jihar. Kowa ya yi Allah wadai, ni ma na yi, kuma har gobe ina kan bakana. Duk wanda ya ɗaure ɗan mutane da sarƙa, ya hana shi abinci, ya yi ta jibgarsa da sunan tarbiyya, azzalumi ne ko da ya haddace izu sittin.

Amma akwai tambayar da babu jami'in da ya amsa tun daga wancan lokaci, ita ce take ƙona mini rai. Yawancin waɗancan yara ba sato su aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi duk wata. Me zai sa uwar da ta yi wata tara da ciki ta ɗauki ɗanta ta miƙa wa mai mari? Ba ta son sa ne? Wallahi tana son sa. Ta kai shi can ne saboda ta duba gabas da yamma ba ta ga ƙofar gwamnati ko ɗaya a buɗe ba. Kun zo kun fasa gidan, kun ɗauki hoto, kun kira 'yan jarida, kun ce kowa ya zo ya ɗauki nasa. To da ya koma gida, sai shaye-shayen ya bar shi? Sai taɓin hankalin ya warke? Kun rufe mummunan wuri, ba ku buɗe mai kyau ba, kuka kaɗe riga kuka tafi.

Kuma ba za ku ce ba ku san girman abin ba. Binciken da aka yi da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. A shekarar ce aka hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, bayan rahoton BBC ya tona asiri. Hanin ya yi daidai, amma yaron da jikinsa ya riga ya saba bai daina ba don an fitar da sanarwa a Abuja. Ya koma kan tiramol, ya koma kan sholisho da madarar sukudaye da wiwi. Ku shiga kowane lungu bayan magariba, ku duba kangon da ba a ƙarasa ginawa ba, za ku gan su a zaune, wasu ko gashin baki bai fito musu ba.

Ina da maƙwabciya, mijinta ya rasu, da sayar da ƙosai da kunu take riƙe da yara. Babban ɗanta bai kai shekara goma sha bakwai ba ya faɗa wannan rami. Da fari kuɗin cikin gwangwaninta ne ke ɓacewa, daga baya tukunya, daga baya keken ɗinkin ƙanwarsa. Ranar da ya ɗaga mata hannu ta shigo gidana tana kuka, ta ce, "Yaya, ka raka ni wajen hukuma, ni dai ba na son a kai shi inda za a daka shi." Muka tafi ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. Mun tarar da jami'i mutumin kirki, zaune a ɗaki da tebur ɗaya da kujera mai karyayyar ƙafa, babu ko takardar da zai rubuta sunan yaron sai da ya yago daga littafinsa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba ni da inda zan kai miki shi. Ko zuwa gidanki in gan shi, kuɗin mota daga aljihuna zai fito." Muka je asibiti, aka ce sai a jira gado, kuma kuɗin da aka lissafa mata na kwanciya da magani ya fi ƙarfin jarinta gaba ɗaya. Wani ɗan sanda ya ba ta shawara tsakaninsa da Allah: "Mama, in ya sake sata ki kawo ƙara, alƙali ya tura shi gidan yari ki huta." Wato hanyar da ƙasarta ta bar mata ita ce ta jira ɗanta ya zama cikakken ɓarawo, sannan hukuma ta san da zamansa.

Ba a daɗe ba wata 'yar uwarta ta ba ta labarin wani malami a ƙauye, can nesa da titi, wai yana karɓar irin waɗannan yara. Gidan mari bai mutu ba, jama'a. Ɓuya ya yi, ya koma inda ido ba ya kaiwa. Da can yana cikin gari maƙwabta na jin ihu, yanzu ko ihun babu mai ji.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba doka ce babu ba. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 aka yi ta. Ta tanadi kotun iyali, ta ce kada a haɗa yaro da manyan masu laifi, ta ce gidajen da ke riƙe yara sai an yi musu rajista ana kuma duba su. Kano ba ta sa hannu a kan tata dokar kare yara ba sai 2023, shekara 20 cif bayan haka. A farkon 2023 ɗin aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawan mulki. Takardu sun cika ofis. Amma takarda ba ta dafa wa yaro tuwo, ba ta biyan ma'aikacin jinya albashi, ba ta zuba wa motar mai duba gidajen marayu fetur. Likitocin ƙwaƙwalwa da suka rage a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma kullum wasu na haɗa kaya zuwa Ingila da Saudiyya. Gidajen horar da matasa masu laifi na gwamnatin tarayya, shekara da shekaru guda uku aka sani: Kaduna, Ilori da Abekuta. Uku, a ƙasa mai jihohi 36. Yaron Yobe ko Kebbi da ya yi laifi, ina kuke so alƙali ya tura shi? Gidan yari yake tura shi, ya shiga da laifin satar waya, ya fito ya san yadda ake fasa shago.

Duniya ta ga yadda muke riƙon yara ranar 1 ga Nuwamba, 2024, a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Aka gurfanar da waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, cikinsu da yara ƙanana da aka kwaso daga Kano da Kaduna. Kusan wata uku suna tsare. Aka shigo da su ƙashi da rai, huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, sannan aka yanka musu belin naira miliyan 10 kowanne. Sai da hotuna suka zagaya duniya Shugaba Tinubu ya ce a sake su. A cikin wata ukun nan ina jami'an walwalar yara? Ina ma'aikatar mata ta jihohin da aka kwaso su? Wa ya je ya ga abin da suke ci? Waɗannan fa a hannun hukuma suke, ba a hannun malamin ƙauye ba. Hukumar da ta yi wa yara haka, da wane baki za ta yi wa mai gidan mari faɗa?

In ka yi magana a ce babu kuɗi. Ƙarya ne. Kuɗi akwai, inda ake zuba su ne matsala. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta kashe kimanin naira biliyan 15 ta gina makarantun tsangaya na zamani 157, aka buɗe ta farko a Gagi da ke Sakkwato a 2012. Aka miƙa wa jihohi, jihohi suka ƙi ɗaukar nauyin abinci da malamai, da yawansu suka lalace, rufi ya yaye, ciyawa ta cinye fili. Dalili a fili yake. Gini kwangila ne, kwangila kuma akwai kaso a ciki, akwai yanka kyalle, akwai allo mai sunan Mai Girma. Kuɗin gudanarwa kuwa, na hatsi da sabulu da magani da albashin mai gadi, babu wanda yake tafa wa gwamna a kansu, don haka su ne ake fara yankewa. Za ka ga an rubuta adadi mai kyau a kasafi, shekara ta ƙare ba a saki ko rabi ba, kuma babu ɗan majalisar da zai tashi ya tambaya. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, tana samun kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin firamare da ƙaramar sakandare, amma biliyoyi na zaune a asusu saboda gwamnoni sun ƙi kawo nasu kason su karɓa. A 2023 kuwa 'yan majalisar tarayya suka sayi motocin da aka ruwaito kowacce ta kai naira miliyan 160. Kuɗin mota ɗaya tak, yara nawa zai ciyar a gidan gyaran hali? Ga kuɗin tsaro da gwamnoni ke karɓa duk wata babu mai bin diddigi. Wane tsaro ne ya wuce ka kama yaro tun yana shan sholisho, kafin ɗan siyasa ya ba shi gora ko ɗan bindiga ya ba shi babur?

Na san masu cewa laifin iyaye ne, kowa ya haifa ya riƙe. Akwai gaskiya a ciki, kuma ina faɗa wa uban da ya tara 'ya'ya ya watsar a titi cewa Allah zai tambaye shi. Amma maƙwabciyata ba ta watsar da ɗanta ba, ƙafarta har ta kumbura wajen nema masa magani. Maraya fa, wa zai riƙe shi? Yaron da 'yan bindiga suka kashe iyayensa a Zamfara, ko wanda ya taso a sansanin gudun hijira a Maiduguri, shi ma laifin iyayensa ne? Mun ga abin da gwamnoninmu suka yi a 2020 lokacin korona, suka loda almajirai a manyan motoci, wannan jiha ta tura wa waccan, wasu suka isa da cutar a jikinsu. Kowa so yake yaron ya bar masa jiha, babu mai son ɗaukar nauyinsa. Yanzu an kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta tun 2023, muna nan muna jiran ganin aikinta a lungunanmu, ba a ɗakin taro na otal ba.

Ranka ya daɗe gwamna, ba sabon gini nake roƙo ba. Gidajen marayu da na gyaran hali da jiharka ta gada, ka sakar musu kuɗin abinci da magani duk wata, ka kuma buga wa jama'a nawa aka saki, yara nawa ke ciki, nawa suka fita, nawa suka mutu. Ka ɗauki ma'aikatan walwala, ka ba su babur da fetur. Malaman da ke karɓar kangararrun yara, tunda jama'a sun yarda da su kuma ba za su daina kai musu ba, ka yi musu rajista, ka haɗa su da likita, ka hana mari da bulala, mai dubawa ya riƙa faɗo musu ba tare da sanarwa ba, tare da mai unguwa da limami. Wanda aka kama da sarƙa a ƙafar yaro a kai shi kotu, a yanke masa hukuncin da kowa zai ji. Jami'in da aka ba kuɗin hatsin marayu ya cinye, a haɗa su a mota ɗaya. A kowace shiyyar sanata a samu wuri guda da uwa za ta kai ɗanta mai shaye-shaye a karɓe shi ba tare da an tambaye ta kuɗin da ba ta taɓa riƙewa ba. 'Yan majalisar jiha kuma, ku da kuke amincewa da kasafin ma'aikatar mata da walwalar jama'a duk shekara, ku tashi ku je gidajen nan da ƙafarku ba tare da an san kuna zuwa ba, ku buɗe tukunyar kicin, ku leƙa banɗaki, ku ƙirga tabarmi ku ƙirga yara, sannan ku dawo ku gaya mana inda kuɗin suka shiga.