Duban jirgi ba ya zuwa bagatatan, ku daina wahalar da fasinjoji

Wallahi abin nan ya ishe mu. Mutum ya biya kuɗin tikiti, ya baro gida tun asuba, ya yi ta zaman jira da yara da tsofaffi a filin jirgi, sai can a sanar cewa an soke tafiya saboda lokacin duba jirgin ya yi. Lokaci ya yi? Yau kuka sani?

Komai na jirgi a rubuce yake. Wasu sassan da awannin shawagi ake lissafa su, wasu da yawan tashi da sauka, wasu da kwanan wata. Ƙaramin duban da injiniyoyi ke kira A, bayan 'yan ɗaruruwan awanni ake yin sa, sau da yawa cikin dare guda. Na C kusan duk shekara biyu. Na D kuwa, wanda ake kwance jirgi kusan gaba ɗaya, shekara 6 zuwa 10 ne tsakani. Akwai ma'aikatan da aka ɗauka musamman don bin wannan lissafi, akwai manhajojin kwamfuta da ke ƙirgawa. To ta yaya kamfani zai sayar da kujerun jirgin da ya san ranar nan yana rumfar gyara? Ko dai ba a bin lissafin, ko an sani an yi shiru don kuɗin tikiti su shigo. Duka biyun cin amana ne.

Ba da injiniyan da ya ƙi sa hannu nake ba, Allah ya yi masa albarka. Idan tsuntsu ya faɗa inji, ko hukuma ta ba da umarnin gaggawa, za mu yi haƙuri mu kwana a benci. Da na ofis nake, masu tura aiki gobe da jibi har wa'adi ya cim musu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da wa'adin ya wuce kuma jirgi ya tashi. A 2008 FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ta nemi cin tarar kamfanin Southwest dala miliyan 10.2 saboda jiragen Boeing 737 guda 46 sun ci gaba da ɗaukar mutane ba a duba tsagewar jikinsu ba. Duban nan ba ado ba ne. Duk tashi ɗaya sai jikin jirgi ya kumbura da matsin iska, ya saki idan ya sauka, a haka ƙarfe ke gajiya. Abin da ya yaye rufin jirgin kamfanin Aloha ke nan a sararin Hawai a 1988. A watan Janairun 2000 jirgin kamfanin Alaska ya faɗa teku, mutum 88 suka rasu, bincike ya gano rashin man shafawa a wani ƙarfen wutsiya bayan an tsawaita wa'adin shafa shi. Man shafawa fa, jama'a!

A watan Afrilun 2008 kamfanin American ya soke tafiya sama da 3,000 cikin 'yan kwanaki don a sake duba wayoyin jiragen MD-80. Wa ya sha wahalar? Fasinja, wanda bai ga littafin gyara ba balle ya yi sakaci da shi.

Idan kun san jirgi zai shiga gyara, ku cire shi daga jadawali tun da wuri, ku sanar da mu kwanaki kafin tafiya, ku mayar wa mutane kuɗinsu ba tare da sun yi ta sintiri a ofishinku ba. Hukumomin sufurin jiragen sama kuma su riƙa buɗe littattafan nan suna ƙirgawa da kansu, ba sai an ɗauko gawarwaki ba.