Oben ɗin da ke ƙasan murhunki zai iya yi miki girkin dare

Assalamu alaikum uwargida da amarya, musamman matan Katsina da Daura masu fita aiki.

A gidaje da yawa, oben ɗin da ke jikin murhun gas ɗin da aka kai amarya da shi ya koma ma'ajiyar tukwane da marafai. In sallah ta zo a fitar da su a gasa kek, sai kuma wata shekarar. A ganina wannan asara ce. Matar da ta taso daga ofis ko makaranta ko asibiti bayan La'asar, ta biya ta kwaso yara daga Islamiyya, da wuya ta sami girkin da ya fi mata sauƙi kamar ta jera kaza da dankali da kayan lambu a tire guda, ta tura oben, ta je ta yi Magariba. Aikin hannun bai wuce minti 15 ba, wuta ta ƙarasa sauran cikin minti 40 zuwa 45. Kafin a kira Isha'i an zauna ci.

Masu cewa sun gwada abin ya fito tsamo-tsamo da ruwa, ko kaza ta bushe dankali bai dahu ba, gaskiya suka faɗa. Kusan kullum daga wuri ɗaya matsalar take farawa, wato tafasa kaza.

Mun saba a tafasa nama sannan a soya, har hannu kan kai kan tukunya tun kafin a yi tunani. Wannan tsarin na kazar Hausa ne da tsohuwar kaza mai ƙwai, waɗanda namansu ke da tauri. Kazar gidan gona 'yar sati shida zuwa takwas ba ta bukatarsa. In kika tafasa ta, ɗanɗanon ya tafi cikin romo, fatar ta sha ruwa ta yi laƙwas, sannan kika sake kai ta wuta karo na biyu ta bushe. Ɗanyarta za ki sa. In kuwa kazar Hausa ce kawai a gidan, ki bar ta ga farfesu, can ne darajarta take. Minti 40 a oben ba zai yi mata komai ba.

A jikin kazar ma akwai zaɓi. Cinya da ƙashinta da fatarta ita ce ta wannan girkin, domin tana da kitsen da ke hana ta bushewa ko da kin ɗan manta da ita. Ƙirji ba ya yafe mantuwa. In kaza guda aka yanka miki, ki fara sa cinyoyi da fukafukai, ƙirjin ya biyo baya da minti 10 zuwa 15.

Ga ma'aunin mutum huɗu zuwa biyar. Kaza kilo ɗaya da rabi, wajen yanka takwas. Dankalin turawa matsakaita shida, karas uku, albasa manya biyu, jan tattasai biyu, koren tattasai ɗaya. Man gyaɗa babban cokali huɗu. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya, dunƙulen magi biyu, garin citta da kori da tayim ƙaramin cokali ɗaya-ɗaya, masoro rabin cokali, tafarnuwa ƙwaya huɗu a daka, attarugu gwargwadon bakin mutanen gidan, da rabin lemun tsami. Mai son ƙamshin kanumfari ta sa kaɗan ƙwarai, yana danne komai.

Bayan kin wanke kazar, ki tsane ta a kwando, ki goge kowane yanka da tsumma mai tsabta har ya bushe. Mutane suna raina wannan matakin, alhali shi ne ke raba gasawa da turarawa. Muddin akwai ruwa a jikin fata, zafinta ba zai wuce na tafasar ruwa ba, wato digiri 100, kuma a wannan zafin nama ba ya yin ja. Sai ruwan ya ƙone sannan gashi yake farawa. Don haka ne ma ban yarda da cuɗa kazar da markaɗen kayan miya ba. Markaɗe ruwa ne. Busassun kayan ƙamshi da mai za ki murza mata, har ƙarƙashin fata.

In kin iya yin wannan tun da safe ki rufe ki sa a firij, gishirin zai ratsa naman. In babu tabbacin wuta, kada ki bar ɗanyar kaza a kan teburin kicin tun safe. A zafin Katsina na watan Afrilu da Mayu, awa ɗaya a waje ita ce iyaka. Gara ki cuɗa ki gasa nan take. Wadda aka ciro daga firiza kuma sai ta saki gaba ɗaya, in ba haka ba waje zai ƙone ciki na jini.

Yankan kayan lambu yana bin taurinsu. Dankali ki yanka shi kamar girman goro, kada ya fi haka, karas kuma kaurin yatsa. Albasa a raba kowace gida shida ba tare da an cire gindinta ba, don kada ta warwatse ta ƙone. Tattasai a yanka shi fale-fale manya. Dankalin Hausa da kabewa suna shiga, sun ma fi na turawa saurin nuna, sai a yanka su da ɗan girma. Tumatir da alayyafo da kuɓewa ba na nan ba ne. Tumatir zai zubar da ruwansa ya jiƙe tiren, alayyafo kuma zai ƙone kafin kaza ta ji wuta. A lokacin da kayan lambun rani suke shigowa daga wuraren noman dam irin su Ajiwa da Jibiya, karas da tattasai da albasa sun ishe ki.

Sai wuta. Ki kunna oben tun kina fere dankali, ya yi minti 15 yana ɗaukar zafi. Digiri 220 ake so, ko lamba 7 in murhunki na lambobi ne. In babu abin da aka rubuta sai babba da ƙarama, ki kai kusa da ƙarshe. Sa abinci a oben mai sanyi yana sa kaza ta fara tsatsafo da ruwa kafin zafi ya kama ta. Wajen kunna na gas, ki buɗe ƙofar, ki kyasta ashana, sannan ki murɗa. In ya mutu, ki kashe, ki bar ƙofar a buɗe gas ɗin ya fice kafin ki sake gwadawa. Wannan ba wurin gaggawa ba ne.

Ki juya dankali da karas a cikin rabin man da ɗan gishiri, ki baza su a tiren, ki jera kazar a tsakaninsu fata na kallon sama. Kowane yanka ya taɓa ƙarfen tiren, kuma a bar 'yar tazara. A nan ne uwargida mai iyali take faɗawa tarko: ta ga tire ya rage wuri sai ta ƙara, ta tula wani kan wani. Tururin da ke fita ya rasa hanya, komai ya dahu a ruwansa. In kayan sun yi yawa, tire biyu za ki yi, ki musanya na sama da na ƙasa a tsakiyar lokaci. Kada kuma ki rufe da foyil. Shimfiɗa shi a ƙasa don sauƙin wanki babu laifi, rufewa kuwa dafuwa ce.

Bayan minti 20 ki fito da tiren, ki juya dankalin, ki zuba albasa da tattasai da kika shafa wa sauran man, ki mayar. Ki juya tiren baya ya dawo gaba, domin yawancin oben ɗin gas gefe ɗaya ya fi zafi. Wutarsu daga ƙasa take, saboda haka tiren ya zauna a tsakiya ko sama kaɗan, in ba haka ba gindin dankali zai yi baƙi saman kaza na fari. Tsakanin nan ki daina buɗe ƙofa kina leƙe, kowace buɗewa zafi kike zubarwa.

Yajin ƙuli na masu tsire yana yi wa wannan kazar kyau sosai, amma ƙuli gyaɗa ce, tana ƙonewa ta yi ɗaci. Ki barbaɗa shi saura minti 8 zuwa 10 a sauke. Koren wake ko kabeji ma lokacin ne nasu.

Mai ma'aunin zafin nama ta soka a wuri mafi kauri ba tare da ta taɓa ƙashi ba, digiri 74 ne shaidar nuna. Marar shi ta tsaga cinya mafi girma har ƙashi. In ruwan da ya fito garai yake kuma naman ba ja, ta yi. In da ja-ja, a ƙara minti 5. Bayan saukewa a bar ta minti biyar kafin a taɓa, a matsa lemun tsami, a kankare man da ya taru a tiren a zuba a kan dankalin. Kada a zubar da shi, rabin daɗin yana nan.

Na san abin da za a ce. Oben yana shan gas, haka ne. Amma a lissafa tafasa, da suya, da man da kasko ke sha, da miya a gefe, sannan a kwatanta da cokali huɗu na mai da wuta guda. Za a kuma ce maigida ba ya ganin ya ci abinci in babu tuwo. To ba cewa aka yi a bar tuwo ba. Dare biyu a mako, ranakun da aiki ya fi yawa, a haɗa da gurasa ko burodi ko shinkafar da ta rage da rana. Gidan da ake sauke tukunyar mutum ashirin kuwa, wannan girkin ba nasu ba ne, babu amfanin a ɓoye.

Wadda ba ta da oben tana iya yin dabarar masu gasa kek: babbar tukunya, busasshen yashi kaurin yatsu uku a ƙasa, a rufe a kan gawayi ya yi zafi, a ɗora farantin ƙarfe a kan yashin, a zuba garwashi a kan murfi don wuta ta zo ta sama. Tururi yana taruwa a ciki, don haka a riƙa goge ruwan cikin murfin, a kuma ɗan karkace shi a minti 15 na ƙarshe. Yana fitowa da kyau, sai dai da hura gawayi da komai zai haura awa ɗaya, kuma dole a tsaya a kansa. Wannan a bar shi sai ranar Asabar.