Na ci jarrabawar furotin, na faɗi a kan sikeli

Laifin babbar riga ne. Tana rufa wa mutum asiri har ya manta yana da tumbi. Sai ranar da ciwon gwiwa ya kai ni asibiti, aka ce in hau sikeli, allura ta tsaya cak a kilo 95. Likita ya dube ni, ya dubi sikelin, ya ce, "Alhaji, gwiwar nan ba ta da laifi, kaya ne suka yi mata yawa." Ya ce in rage mai da sukari, in riƙa lura da abin da ke shiga bakina.

Ɗan ƙanwata da ke jami'a nan Damagaram ya sa mini wata manhaja a salula. "Kawu, duk abin da ka ci ka rubuta," in ji shi. Ya yi mini lissafi cewa babban mutum na bukatar kusan giram 0.8 na furotin, wato sinadarin gina jiki, kan kowane kilo na nauyinsa. Ni ke nan giram 76 a rana. Akwai wata da'ira a fuskar wayar, in ka kai adadin sai ta cika ta koma koriya. Ya nuna mini wata da'irar kuma ta kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, amma lokacin hankalina ya riga ya yi gaba, don na tambaye shi ina ake samun furotin ɗin, ya ce nama, ƙwai, wake, nono, gyaɗa.

Nama! Ni da na zaci zogale da ruwan zafi za a ɗora ni. Ashe Allah ya kashe ya ba ni.

To, mu da muka yi lakwal mun san goma bisa ashirin ita ce makin tsira, amma yaron kirki ba ya tsayawa a goma. Haka na ɗauki 76 ɗin nan. Da safe wajen mai shayi, ƙwai huɗu, kowanne giram 6, ga 24 tun rana ba ta yi zafi ba, in bi da ƙosai. Da rana shinkafa da wake, in ce wa Hajiya waken ya rinjayi shinkafar. Kafin la'asar da'ira ta cika, waya ta yi ƙara tana taya ni murna. Ni kuwa wasa farin girki.

Manhajar ta Turawa ce, ba ta san kilishi ba, balle fara. Sai da yaron ya shigar mata da su da hannu. Nan na ji cewa kilishi kusan rabin nauyinsa furotin ne, busasshiyar fara kuwa ta ma wuce rabi. Daga ranar na zama ɗan gida a Kasuwar Dole. Mai fara tana hango ni take fara auna mini, da yaji da komai. Bayan isha'i kuma mai tsiren unguwarmu, wanda ya buɗe mini shafi guda a littafin bashi don girmamawa. Akwai daren da na kai giram 190. Na nuna wa abokai a fada kamar wanda ɗansa ya zo na ɗaya a aji.

Jiki dai ya yi ta ba ni labari, ban saurara ba. Ƙishirwa ta addabe ni, ga bazara, zafi ya haura digiri 40, in sha ruwan randa kamar raƙumi, in kwana ina zarya da buta. Batun wake kuwa ba zan faɗa ba, amma na lura a fada an daina zama ta inda iska ke kaɗawa daga wajena. Hajiya ta ce, "Alhaji, wannan wane irin rage ƙiba ne da kuɗin cefane ke ramewa, kai kana cika?" Na ce mata ilimin zamani ne, ba za ta gane ba.

Bayan wata guda na koma asibiti da fara'ata. Kilo 98. Na ce sikelin ya lalace. Likita ya hau da kansa, ya sauka, ya ce lafiyarsa lau. Na miƙa masa salula in kare kaina, ya yi dariya har da cire tabarau. Ya ce furotin da ya wuce bukata ba tsoka yake zama ba ga mai wuni a zaune, jiki kan ƙone shi ko ya mai da shi kitse, ƙoda kuma ta sha aikin fitar da dattin ta fitsari. Ga shi tsire ba shi kaɗai yake tafiya ba, da mansa da ƙuli-ƙulinsa, alhali giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na furotin 4. Sannan ya ɗora yatsa kan ɗaya da'irar, wadda ta cika ta tumbatsa ta yi ruwan goro tun makon farko.

"Wannan fa, ba ka gan ta ba?"

Na gan ta mana. Kore a nan, da'ira ruwan goro a can, fuskar waya fara. Wallahi na zaci tutar Nijar suka yi mana don kara.

Yanzu salular na hannun Hajiya lokacin cin abinci, ita ke rubutawa, ita ke aunawa, zogalen da na guda kuma ya same ni har gida. Jiya mai tsire ya aiko yaronsa ya gaishe ni da jiki, wai kwana shida bai gan ni ba. Yaron ya durƙusa, ya gama gaisuwa tsaf, sannan ya zaro littafin daga aljihu. Jika goma sha ɗaya.