Jirgin ruwan shaƙatawa: da wane mudu za mu auna ingancinsa?

A da, in ka shiga ofishin masu shirya tafiye-tafiye a Wuse 2, Umara da Dubai da London ne kasuwarsu. Yanzu an fara ganin wani sabon talla: hoton ƙaton jirgin ruwa fari fat, da farashin kwana bakwai a dala. Tambayar da mai sha'awa kan fara yi ita ce, wane kamfani ne ya fi? A ganina da wannan tambayar ake fara yin asara, domin jerin gwanayen da ake gani a intanet an tsara shi ne don mutumin da ke shan giya, yake buga caca, yake kuma riƙe da fasfon da ba ya neman biza. Mai fasfon Najeriya da zai tashi daga Abuja da iyalinsa, da butarsa da dardumarsa, mudunsa daban ne.

Kamfanonin ma ba su kai yawan sunayensu ba. Carnival ita ce uwar Princess da Holland America da Cunard da Costa da Seabourn. Royal Caribbean ke da Celebrity da Silversea. Norwegian ke da Oceania da Regent Seven Seas. Sai MSC ta iyalan Aponte, mai hedkwata a Geneva, wadda 'yan kasuwarmu suka fi sani da kwantenonin da ke sauka Apapa. Kowace uwa tana da na talaka da na mai hali, kuma a ƙarƙashin suna ɗaya za ka tarar da jirgin da aka ƙera bara da wanda ya shekara ashirin yana kan ruwa. Saboda haka jirgin ake kwatantawa da jirgi. A nemi sunansa, shekarar da aka ƙera shi, da shekarar da aka yi masa babban gyara na ƙarshe.

Akwai lissafi guda biyu da ba sa buƙatar amincewa da mai talla. Na farko, a raba girman jirgin da yawan fasinja. Girman nan da ake rubutawa da tan ba nauyi ba ne, ma'aunin sararin cikin jirgin ne. Icon of the Seas na Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, tan 248,663 ne. In mutum biyu-biyu ne a ɗaki yana ɗaukar 5,610, wato kowa ya tashi da kusan 44. Amma lokacin hutun makaranta, da aka sauke gadajen yara, yana iya kaiwa 7,600, lissafin ya faɗo zuwa 33. Bambancin nan shi ne layin da za ka tarar a lifta da wurin cin abinci. Seven Seas Explorer na Regent kuwa wajen tan dubu 55 ne, fasinja 750, kowa yana da sama da 70. Lissafi na biyu shi ne ma'aikata. Icon yana da kimanin 2,350, ma'aikaci ɗaya ga fasinja biyu da ɗoriya, ko uku in ya cika maƙil. A jiragen alfarma ma'aikatan sun kusa kamo fasinja yawa. Wanda ya iya waɗannan lissafin biyu ya riga ya san rabin abin da zai tarar.

Sai batun kuɗi, inda aka fi yaudarar mutane. Farashin da ke kan talla na gado ne da abincin gama-gari. Manyan kamfanonin Amurka suna ɗora kuɗin hidimar ma'aikata a kan kowane mutum kowace rana, tsakanin dala 16 zuwa 20. Miji da mata da yara biyu, kwana bakwai, a kan dala 18, dala 504 ke nan, kuma ba a sha ko lemo ba. Lemon kwalba da ruwan gora na kuɗi ne, ana kuma ƙara kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari a kai. Intanet na kuɗi ne. Fita yawo a kowane gari na kuɗi ne. Wanda zai kwana shi kaɗai a ɗaki sau da yawa kuɗin mutum biyu zai biya. Kafin a kwatanta kamfani da kamfani, a tara duk waɗannan, a haɗa da tikitin jirgin sama daga Abuja da otal da biza da inshora, sannan a raba da yawan dare. Araha ba ta ado, kuma sau da yawa wadda aka gani a talla ba ita ce arahar ba.

Sai dai akwai wani abu a cikin lissafin da ya faɗo wa mutanenmu daidai. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar manyan kamfanonin yana fitowa ne daga abin da fasinja ke kashewa bayan ya shiga jirgi: mashaya, caca, kantuna, yawon gari. Shi ya sa suke iya karya farashin ɗaki. Wanda ba ya sha, ba ya caca, a jirgin gama-gari shi ke cin riba, don wasu ne ke ɗauke masa wani ɓangare na kuɗin. A jiragen alfarma irin na Regent da Silversea da Seabourn abin ya juya: an riga an cusa kuɗin giya mai tsada a cikin tikiti, ko ka sha ko ba ka sha ba ka biya. Jaridun Turai kan ba su maki na ɗaya saboda wannan "komai kyauta". Ga Alhaji da Hajiya, wani yanki na abin da ya sa suka zama na ɗaya ba shi da wani amfani. Abin da ya rage musu a can shi ne sarari da natsuwa da ingancin girki, sai mutum ya auna ko sun cancanci ninkin farashin.

A kula da tayin abin sha na dunƙule. A kamfanoni da dama, in babba ɗaya a ɗaki ya saya, dole sauran manyan ɗakin su saya. Akwai na lemo da shayi zalla, shi za a nema, kuma a duba kada dillali ya zaɓa maka farashin da aka haɗa da na giya don kamashonsa ya ƙaru.

Abinci shi ne inda na fi ganin sakaci. Mafi yawan kamfanonin Turai da Amurka ba sa lamunce naman halal a kowace tafiya. Wasu suna kawowa in an nema a rubuce makonni kafin tashi, wasu kuma ya danganta da tashar da jirgin ke lodin kaya. Maganar baki ta dillali ba hujja ba ce, a sa ya turo amsar kamfanin. In babu, kifi da ganye da ƙwai suna wadatarwa, amma a gaya wa shugaban masu kawo abinci tun daren farko, saboda girkin Italiya da Faransa yana yawan shigar da giya cikin miya da kayan zaƙi, naman alade kuma yana ɓuya a cikin romo da taliya. A ɗakin cin abinci na zama, inda ma'aikaci ɗaya ke kula da teburinka kullum, wannan ya fi sauƙin kiyayewa fiye da wurin ɗiba da kanka, inda cokali ɗaya kan yi yawo daga tire zuwa tire.

A wannan fannin AROYA ta Saudiyya ta shigo da abin da babu shi a da. Jirginta ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024, ba giya, ba caca, abinci halal, da wuraren salla. Tsohon World Dream ne aka sake wa fasali, wajen tan dubu 150. Sabon kamfani ne mai jirgi ɗaya, don haka zaɓin hanya da lokaci kaɗan ne, kuma bai tara shekarun gogewar Cunard ko Holland America ba. Duk da haka, ga iyalin da abin da ya fi damunsu shi ne abin da yaransu za su gani a bakin wurin ninƙaya da ƙarfe goma na dare, ban ga dalilin sa shi ƙasa da manyan sunaye ba. Kamfanin Viking ba shi da caca, amma ba ya ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba. Disney ma ba ta da caca, sai dai tsada.

Bayin jiragen Turai ba shi da ruwan tsarki. A tafi da butar roba. Na'urar nuna alƙibla ta waya tana rikicewa a cikin ƙarfe, jirgin kuma yana sauya fuska. Talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgin ya dosa, da ita ake kintata. Dutsen guga da butar lantarki ana ƙwace su a bakin shiga saboda gobara.

Biza ce ke yanke hukuncin ƙarshe, ba taurarin kamfani ba. Jirgin Bahar Rum da ya tashi daga Barcelona, ya tsaya Tunisiya ko Turkiyya, sannan ya dawo Italiya, ya fita daga yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ya sake shiga. Mai bizar shiga sau ɗaya za a iya hana shi hawa tun a tashar farko, ko da ya rantse ba zai sauka ba, kuma ba a mayar da kuɗi, domin yarjejeniyar tikiti ta ɗora nauyin takardu a wuyan fasinja. Haka jiragen Miami: dawowa daga tsibiran Karebiyan sabuwar shiga Amurka ce, ga shi a Yulin 2025 Amurka ta mayar da mafi yawan bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, wata uku. MSC na tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik a lokacin zafinsu, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Can ma bizar Afirka ta Kudu mai shiga da yawa ake so, da katin rigakafin shawara. Fasfo ya zama yana da sauran wata shida bayan ranar dawowa. A fara da tambayar wace biza ake da ita ko ake iya samu, sai a zaɓi teku, sai jirgi. Sunan kamfani ya zo na huɗu.

Sunayen garuruwan da ke kan talla ma sai an bi su da ido. "Rum" na nufin Civitavecchia, tafiyar kusan kilomita 80 daga birnin. "Florence" na nufin Livorno. Tun Agustan 2021 aka hana manyan jirage ratsa tsakiyar Venice, wasu a Marghera suke tsayawa, wasu a Ravenna ko Trieste, tafiyar sa'o'i. Jirgin da zai tsaya awa shida a irin wannan tasha da wanda zai tsaya awa goma sha biyu ba kaya ɗaya suke sayarwa ba, ko da jerin garuruwansu iri ɗaya ne. Inda babu wurin da babban jirgi zai tsaya a gaɓa sai an sauke mutane a ƙananan kwale-kwale, kamar Santorini, iska kaɗan na iya sa a soke tsayawar. Kamfani yana da ikon sauya hanya ba tare da diyya ba, kuma an ga haka sosai tun da hare-haren Bahar Maliya suka fara a ƙarshen 2023.

Tsafta tana da alƙali. CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, tana shiga jiragen da ke zuwa tashoshinta ba sanarwa, ta ba da maki cikin 100. Wanda ya samu 85 ko ƙasa ya faɗi, kuma sakamakon kowane jirgi yana shafinta. Ciwon da ya fi yaɗuwa shi ne amai da gudawa na ƙwayar norovirus, wadda man goge hannu ba ya kashewa sosai, sai sabulu da ruwa. Asibitin jirgi na kuɗi ne, da tsadar asibitin kuɗi na Turai, don haka inshorar da ta haɗa da kwashe majinyaci daga teku wajibi ce, musamman ga mai tafiya da tsofaffi. Mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 kafin a sauka ba a ɗaukarta, jaririn da bai kai wata shida ba shi ma haka. Atisayen ceto kuwa, tun bayan kifewar Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, ana yin sa ne kafin jirgi ya bar tasha ko da zarar ya tashi, kuma a nan babu kamfanin da ke ɗaga wa kowa ƙafa.

Ɗaki mara kyau yana iya ɓata jirgi mai kyau. Mai saurin jiri ya nemi tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne girgiza ta fi sauƙi. A buɗe taswirar hawa-hawa a ga me ke sama da me ke ƙasa: ƙarƙashin wurin ninƙaya ana jan kujeru tun asuba, saman gidan rawa kuma kiɗa har biyun dare. Farashin da ake ce wa kamfani zai zaɓa maka ɗaki ya fi sauƙi ne saboda ragowar da kowa ya ƙi ake bayarwa. Ɗakin ciki mara taga ya isa ga wanda kwana kawai zai kawo shi, amma ga matar da ba ta son zaman cikin jama'a, baranda ita ce rabin tafiyar, kuma gara baranda a jirgin MSC ko Costa da ɗaki mara taga a jirgin da ya fi suna.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Ana haɗa katin ɗaki da katin banki, a riƙe wani adadi tun ranar farko. Katin naira mai ƙayyadadden kashewa a waje yakan ƙi, don haka a tafi da katin asusun dala, ko a canzo a Zone 4 a ajiye tsaba a teburin karɓar baƙi. Waya a sa ta a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa, domin layin teku yana cinye kuɗi cikin mintuna. A isa garin tashi kwana ɗaya kafin ranar, saboda jinkirin awa huɗu a Istanbul ko Doha ya isa mutum ya tarar da tasha wayam. Wanda kuma ya biya ta hannun dillali a Abuja ya karɓi lambar rajistar kamfanin jirgin, ya shiga shafin kamfanin da kansa ya ga sunansa kamar yadda yake a fasfo, da lambar ɗakinsa, da shaidar cewa kuɗin sun isa, kafin ya sayi tikitin jirgin sama.